Guɗar Dadarki da Akwatin Wayoyi

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uba, ina fatan takardar nan ta same ki zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, Ngaundare a bayanki, Yawunde a gabanki, daga can sai Duwala. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a gidan ɗaukar sautin da suka kira ki aiki. Na ce kada ki buɗe sai jirgi ya tashi saboda na san halinki, halin mai sunanki ne sak. Da a tashar mota a Garwa kika karanta, da kin sauke kaya kin dawo gida, ni kuwa ba abin da nake so ke nan ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce, na kasa faɗa miki da baki. Ko na faɗa, ba zan ji amsarki ba sai kin ɗaga murya, ita kuwa ba maganar ɗaga murya ba ce. Sautin nan da kika ɗauka a wayarki daga akwatina, kina murna za ki tafi da guɗar Dadarki, mahaifiyarki, ba guɗar Dadarki ba ne. Ya taɓa zama ita. Ni na ɓata shi da hannuna, kaɗan-kaɗan, ban sani ba, kuma na nemi hanyar komawa na rasa. Ki daure ki bi ni daga farko, tunda sana'ar da ta cinye ni ita kika ɗauka.

Akwatin nan wani makaɗi ɗan Kudu ne ya kawo mini shi, tun ina saurayi ina gyaran rediyo a bakin babbar kasuwa. Suna wasa a wani otal, abin ya daina magana, ya ce sunansa sintetiza, abin kiɗa ne na lantarki, in duba masa, zai dawo bayan damina. Damina nawa aka yi tun daga nan, ban sake sa shi a ido ba. Kakanki, da yake mahauci ne, ya leƙo shagon ya ga ramuka birjik da wayoyi sun sarƙe, ya ce wannan ai kayan ciki ne, a wanke a ɗora a wuta. Ni dai na ƙwallafa rai sai na gane kansa.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka duk wutar da ke yawo a cikinsa sauti ce. Sai in ɗauki waya in jona kowane rami da sifika. Ramin da ya yi kuka, in ce lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi shiru, in ce ya mutu. Da haka na kwance wani ɓangare mai rai sarai, na dame shi da dalma wai ina gyara, saura ƙiris in kashe shi da gaske. Sai da na gaji na ɗauko mita na sa a ramin, na ga allura tana tafiya dama tana dawowa hagu, a hankali, kamar jelar saniya a inuwa. Ashe yana aiki, aikinsa ne ba na kunne ba.

A ranar na gane wuta iri biyu ce a ciki. Akwai wadda ake ji, akwai wadda ba a ji. A lise, makarantarku ta sakandare, an koya miki sunan ta biyun da Faransanci, ni wutar akala nake ce mata, don aikinta ke nan, jan ɗaya wutar. Ɓangaren da ke haifar da sauti, wanda nake kira maƙogwaro, in kika bar shi kuka ɗaya zai yi ta yi har a tashi duniya, ba hawa ba sauka. Maɓallan da ake dannawa kuwa ba su da sauti ko na sisin kwabo, wuta kawai suke aika masa. In ta ƙaru ya hau, in ta ragu ya sauka. Ki ƙara wutar da awon volt ɗaya a mita, murya ta koma sama cif, kamar mace ta karɓi waƙa daga bakin namiji. Daga maƙogwaro sautin ya bi ta rariya, mai tace kaifinsa, ita ma da tata akalar, a buɗe ta ya yi tsini, a tsuke ta ya yi taushi. Daga nan sai ƙofa, wadda ba ta buɗewa sai wutar numfashi ta tura ta, ita ce ke cewa sauti ya faɗo gaba ɗaya ko ya shigo da sallama, ya yanke ko ya ja jiki ya tafi. Duk abin da ke sa mutum ya ji sauti ya ce wannan sarewa ce, wannan kukan yaro ne, wutar nan da ba a ji ita ke yin sa.

Saboda haka in kin ga abu ya yi shiru a wurin aikinki, kada ki yi saurin yi masa sallar gawa. Ki sa mita tukuna. Mutane ma ki lura da su haka, wanda bai cika magana ba a ɗakin sau da yawa akalar tana hannunsa, ki gaishe shi da kyau.

Kuskure na biyu zafin garin nan ne ya nuna mini shi. Da sanyin safiya nakan daidaita muryar akwatin tsaf, in fita aiki, in dawo da azahar in tarar ta zame, kamar wani ya shigo ya taɓa. Har telan da ke maƙwabtaka da shagona na zarga, muka yi kwanaki ba ma gaisawa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Ƙananan sassan da ke karɓar wutar akala ne suke canza hali in sun yi zafi, wutar ba ta canza ba amma su ji ta daban. A bazarar Garwa kuwa ko ƙarfe sai ya canza hali. Ki kunna shi ki bar shi ya ɗumama, ki sha shayinki, sannan ki daidaita. Na san wannan tun ina saurayi, cewa akwatin yana zamewa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mai saurarensa ma yana zamewa.

Lokacin da na auri Dadarki aikin sifika ya buɗe mini. Masallatai, biki, taro, masu tallan magani ranar kasuwa, har Marwa da Kuseri ake kirana. Yadda nake gwada sifika kuwa, in manna kunnena a bakinta in miƙa hannu in ƙara wuta, wai ina neman inda muryarta take tsagewa. Dadarki 'yar Tuboro ce, cikin auduga ta tashi, ba a raba ta da ƙullin auduga a cikin kwallarta. Kullum sai ta yago ta murza ta cusa mini a aljihu, ta ce in toshe kunne in zan shiga gaban ƙahon sifikar nan. Ni kuwa sai in yi dariya in ce kunnen nan shi ke ciyar da mu, in na toshe shi mu ci me. Audugar nakan share ƙurar rediyon mutane da ita. In na dawo gida kaina yana ƙara kamar gyare ya shiga ciki, in ce gajiya ce, gobe zai wuce. Yakan wuce ɗin, har ranar da ya zauna bai wuce ba.

An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa bai ji ba, shi ne kuwa ya fara tafiya. Abin nan da kuke kifawa a kunne kuna wuni da shi, na ga kina ƙure shi har nakan ga kanki yana kaɗawa. Ki rage, don Allah ki rage. In wani ya ce ki ƙara, ki ce masa babanki kurma ne, zai ƙyale ki.

To, ga ainihin maganar. Ke ba ki san Dadarki da wayo ba, kina tatata Allah ya karɓi abarsa. Mutanen unguwa da guɗa suka san ta. Ba sana'arta ba ce, ba ta karɓar komai, amma ba a kai amarya ko a raɗa suna a layinmu ba a aiko mata ba. Mace ce mai kunya, ko sunana ba ta faɗa, magana ma sai ka matso kusa. Amma in ta kama hanci ta ɗaga kai, wallahi masunta a bakin Binuwai sun san an yi haihuwa a gari. Bayan rasuwarta na duba gidan nan sama da ƙasa, hotonta sai na katin shaida, muryarta kuwa babu. Ni da na ɗauki muryar limamai da mawaƙa da 'yan talla a kaset, ban taɓa ɗaukar tata ba, don ina ganin kullum tana nan.

Sai na ɗauko akwatin daga shago na kawo shi ɗaki. Na ɗaga maƙogwaro can sama inda muryarta take zama. Wannan ba wuya, amma abin da ya fito usur ne kawai. Na koma kan ɓangaren nan da na taɓa cewa ya mutu, mai kaɗa allura dama da hagu, na jona wutarsa a akalar maƙogwaro, na ƙara masa sauri. Shi ya zama harshenta, murya ta kama karkarwa. Hanci kuma rariya ce ta ba ni shi. Akwai maɓallin da ke sa ta ƙara kaifi daidai bakin inda take tacewa, na murɗa shi kaɗan, sautin ya shige hanci. Duk da haka ba ita ba ce, guɗar kowace mace ce. Na daɗe ina fama kafin in tuna ita ba ta farawa da sauri. Takan fara harshen a hankali kamar tana shawara, ya yi ta ƙaruwa, a ƙarshe ta ɗan haura sama ta yanke. Sai na ɗauki wutar numfashi, mai tashi a hankali, na jona ta a akalar harshen kansa. Wuta tana jan wuta, ita kuma tana jan murya. Na danna.

Juma'a ce bayan la'asar. Ban ɗaga yatsa ba matan maƙwabta suka faɗo gidan ko sallama babu, suna tambayar wa ya haihu. Da suka tarar ni kaɗai ne da ke a cinyata, wata tsohuwa a cikinsu ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Da wannan na san na same ta. Washegari limamin unguwa ya aiko a ce mini in ji tsoron Allah, in yi wa mamaciya addu'a in bar ta ta huta. Ina ma na ji maganarsa.

Kin san akwatin nan ba shi da ƙwaƙwalwa irin ta na'urorinku na yanzu. Sauti yana nan ne muddin wayoyi suna ramukansu, maɓallai suna inda aka bar su. Shi ya sa na hana kowa zuwa kusurwar, ko tsintsiya ba ta shiga. Amma ban auna wutar kowace akala na adana ba, ban ɗiga ko fenti a inda kowane maɓalli ya tsaya ba, ban ɗauka a kaset ba. Cewa na yi kaset yana gogewa, kunnena ba ya gogewa. Kin ji girman kai inda yake kai mutum.

Shekara ta zagayo na danna, sai na ji ta ɗan dusashe, kamar daga bayan katanga take guɗar. Na ce zafi ne, akwatin ya zame kamar yadda ya saba. Na buɗe rariya kaɗan, ta dawo. Wata shekarar na ƙara kaifin hanci. Wata na ƙara ƙarfi, wata na ƙara karkarwar harshe don na daina jin ta sosai. Kowane gyara bai fi kaurin farce ba. Ita kuwa kurumta daga sama take fara ci, siraran sauti take fara ɗauke wa mutum, guɗa kuma can saman take zaune. Ni ina bin ta da maɓalli, a zatona riƙe ta nake yi. Maɓallin hancin nan, in an wuce da shi wani wuri, rariya takan daina tacewa ta kama ihun kanta. Na daɗe da wuce wurin ban sani ba.

Ke kuma kina girma tare da shi. Kowace Salla, ranar saukarki, ranar da kika ci jarrabawar lise, ina danna miki ina cewa ga Dadarki tana taya ki murna. Yana canzawa kina canzawa, ta ina za ki gane? Na tuna wata rana kina ƙarama kin sa hannu biyu kin toshe kunnuwa, na daka miki tsawa na ce ba a toshe wa uwa kunne. Ba ki sake ba. Tsawar nan tana cikin abin da ya hana ni cin abinci kwanakin nan, ba zazzaɓi ba ne kamar yadda na ce miki.

Yafendonki ce ta gaya mini, yayar Dadarki, da ta zo daga Tuboro yi miki sallama. Rabonta da gidan nan tun zaman makoki. Kin tafi kasuwa sayen jaka, muna zaune ni da ita a tsakar gida, na ce bari in jiyar da ita abin da na ajiye mata shekara da shekaru. Na shiga na danna ina leƙen fuskarta ta taga. Ta zabura har kwanon furarta ya kife. Da na fito sai da ta matso ta yi maganar cikin kunnena, ta kuma maimaita.

"Malam Isa, mene ne wannan?"

Na ce guɗar ƙanwarta ce. Tsufa ya cire mata kara.

"Wannan kukan birkin motar auduga ne. Ƙanwata ba ta taɓa yin irin wannan ba, ko ranar da take naƙuda."

Ban yarda ba. Na ce tsohuwa ce, ta manta. Na fita na shiga maƙwabta neman shaida. Tsohuwar da ta rufe fuska da mayafi ta daɗe da rasuwa, sai surukarta na samu. Na rantsar da ita. Ta sunkuyar da kai ta ce sun yi shekaru suna rufe taga in na kunna, yaran layi ma jiniya suke kiransa. Na ce me ya hana a gaya mini. Ta ce wa zai iya, ana ganin yadda fuskata take yi.

Na dawo na roƙi Yafendo ta yi mini guɗar ko sau ɗaya, in manna kunnena a bakinta in bi. Ta kama hanci ta gwada don tausayi. Haƙora sun zube, murya ta tsage, tari ya sarƙe ta, da ƙyar ta ce dama guɗarsu ba ta taɓa zama iri ɗaya ba, ita ba a taɓa aiko mata biki ba. Na ɗauko mita na auna kowane rami. Allura tana gaya mini inda nake, ba ta gaya mini inda na baro. Na mayar da maɓallin hanci baya, amma in tsaya a ina? Wanda ya san wurin ba ya ji, masu ji ba su san wurin ba. Na zauna a gaban akwatin nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta, don a ranar ban san sau biyu zan rasa ta ba.

Ga abin da nake roƙonki. Duk sautin da kika gina, ki auna, ki ɗauka, ki ajiye shi wuri biyu tun ranar farko. In abin da yake daidai jiya ya yi miki wani iri yau, kada ki kai hannu maɓalli sai kin kira wani ya saurara. Kuma ki zama mai fuskar da za a iya gaya mata gaskiya, ni ban zama ba, unguwa guda ta gwammace rufe taga. Ki je asibiti a duba kunnenki tun yana ji. Ni sau nawa kika ce in je, ina cewa ni mai gyara ne ba abin gyara ba, wanzami ba ya son jarfa. Duwala kuma an ce ruwa ne da laima kullum, ki nema wa kayan aikinki wuri busasshe, kada ki aje su a ƙasa.

Abin da ke wayarki kuwa, ban san ko in ce ki goge ko ki bari ba. Shi kaɗai kika sani a matsayin muryarta, kuma ni na cusa miki shi. In kin bari, wata rana kada ki ce wa 'ya'yanki kakarsu ce. Ki ce musu kurumtar kakansu ce, haka take kuka.

Kwalin nan da na ɗaure da igiya na ce kayan aiki ne, akwatin ne. Kin daɗe kina roƙona shi ina cewa sai bayan raina. Naki ne yanzu. Ba ya shiga kwali da wayoyi a jikinsa, don haka jiya da hantsi, kina zagaya dangi kina sallama, na shiga na cire su. Na fara da ta harshe, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har ya koma kamar ranar da makaɗin ya kawo shi, ramuka kawai. Kafin in kashe wuta hannuna ya tafi da kansa ya danna maɓallin nan da yatsana ya goge.

Uwata, na ji ta. Ta fara a hankali, harshen ya yi ta ƙaruwa, ta haura ta yanke, tas, kamar ranar sunanki. Wayoyin kuwa duk suna cikin hannuna na hagu. Na ɗora tafina a kan sifika na sake dannawa, ko motsi ba ta yi ba, na kuma sake jin ta. Ban san tun wace shekara na daina jin ta daga akwatin ba. Tana nan daidai, ba ta dusashe ba, ba ta zame ba, a wuri ɗaya tak da ba shi da ramin da zan jona waya in jiyar da ke.

Allah ya jiƙan Dadarki, ya haskaka makwancinta, ya yafe mini abin da na jingina mata. Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki, ya tsare miki imaninki da mutuncinki da kunnuwanki, ya sa ki gama lafiya. Wayoyin suna naɗe a gefen kwalin, tare da ƙullin audugar da ya rage a kwallarta. In kin isa ki rubuto, kada ki buga waya.

Babanki,
Isa mai gyaran rediyo, Garwa.